Dutsen Bima da Tsagar da Ba Ta Zama Teku Ba

Duk wanda ya bar garin Gombe ya kama hanyar Biu, da ya doshi Dadin Kowa zai hango wani dogon tsauni ya miƙe a ƙasar Tera, kusa da inda aka datse Kogin Gongola. Shi ne Dutsen Bima. Sunansa ya daɗe a bakin mutane. Mazauna gindinsa suna girmama shi tun kaka da kakanni, kuma a ƙarni na 19 magana ta bazu a ƙasashen daular Sakkwato cewa nan ne matattarar jama'a idan bayyanar Mahadi ta gabato. Ta wannan yanki hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta biyo bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, har ta ƙare a Burmi, can gefen Gongola, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Shekara guda bayan Burmi, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wata tawaga ta binciken ma'adinai a Arewa, wadda ta yi aiki daga 1904 zuwa 1909. Jagoranta wani mutumin Sikotilan ne, John Falconer, wanda ya karaɗe ƙasar a kan doki yana fasa duwatsu da guduma yana rubutawa. Abin da iyayen gidansa ke nema a fili yake: kuza, zinariya, kwal, duk abin da za a loda a jirgi. Amma littafin da ya fitar a 1911 ya wuce lissafin ma'adinai. A cikinsa ne ya lura cewa irin dutsen yashin da ya gani a Bima shi ne dai yake sake ɓullowa a wurare masu nisa da juna, sai ya raɗa wa shimfiɗar gaba ɗaya sunan tsaunin. Daga nan sunan ya zauna. A yau ɗalibin ilimin duwatsu a Zariya ko Bauchi ko Maiduguri, da ya ji an ce Bima, abin da ke zuwa masa shi ne wata shimfiɗar dutse da ta taso daga Yola da Numan, ta ratsa Gombe, ta nutse ƙarƙashin ƙasar Borno, wadda kaurinta a yankin Lamurde ya haura mita 3,000.

Mita dubu uku na yashi da tsakuwa da laka, ɗaya bisa ɗaya. Tambayar da ta sha wa masana kai shekara da shekaru ita ce, wane irin rami ne ya ci wannan kaya haka, a tsakiyar nahiya, nesa da bakin teku?

Amsar tana can baya, fiye da shekara miliyan 130 da suka wuce. A lokacin babu Tekun Atlantika ta kudu. Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke cikin babbar nahiyar da masana ke kira Gwandawana, ƙusurwar Barazil kuwa tana zaune daidai cikin lungun da Najeriya da Kamaru suke kallo a yau. Sai ƙasa ta fara miƙewa tana tsagewa. Tsagar ta taso daga kudu tana hawowa arewa sannu a hankali, har ta iso inda bakin Kogin Neja yake yanzu. A nan ta rabu uku. Reshe ɗaya shi ne wanda ya zo daga kudu, na biyu ya yi yamma ta gaban inda Legas da Akara suke, na uku ya kutsa cikin nahiyar ya nufi arewa maso gabas. Biyun farko suka ci gaba da buɗewa har ruwa ya shige su, suka zama tekun da ya raba mu da Barazil. Na ukun ya buɗe, ya zurfafa, sannan ya tsaya. Shi ne Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, faɗinsa kuwa daga 50 zuwa 150. Da ya kai sama sai shi ma ya yi rassa: ɗaya ya bi gabas ta Yola zuwa Garwa, ɗaya ya bi arewa ta Gongola zuwa yankin Tafkin Chadi.

Ba a rana ɗaya aka gane haka ba. Falconer ya ga duwatsun, bai san dalilin ramin ba, domin a lokacin maganar cewa nahiyoyi suna motsi ba ta karɓu wurin masana ba. Lester King na Afirka ta Kudu ne ya ce a 1950 kwarin tsagar ƙasa ne. A 1963 hukumar binciken duwatsu ta Najeriya ta fitar da aikin Carter da Barber da Tait a kan lardunan Adamawa da Bauchi da Borno, wanda har gobe shi ne tubalin da kowa ke ɗora nasa a kai. A 1965 Cratchley da Jones suka auna ƙarfin jan ƙasa a faɗin kwarin, suka iske tsakiyarsa ta fi gefensa nauyi, alamar cewa ɓawon ƙasa ya sirance a wurin har dutse mai nauyi na can ciki ya matso sama, irin abin da ake samu a Bahar Maliya. A farkon shekarun 1970 Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, shi da abokan aikinsa suka fito da bayanin rassa uku. Sai kuma Jean Benkhelil, a shekarun 1980, ya bi tsagogin Gombe da Kaltungo a ƙafa, ya nuna cewa ba buɗewa kawai aka yi ba: ɓangarorin biyu sun goga da juna, wannan ya zame gefe, wancan ya zame gefe, kuma gogayyar ce ta haƙa ƙananan ramuka masu zurfi a jere cikin babban kwarin. A ganina bayanin Benkhelil bai rushe na Burke ba, ya dai sauko da shi ƙasa inda ido ke gani. Shi ne ya warware dalilin da ya sa Bima take da kaurin dubban mita a nan, amma ka matsa 'yan kilomita kaɗan zuwa Kaltungo sai ka taka tsohon dutsen gindi a fili, babu ko yashin shaida a kansa.

To, yanzu a dubi yadda ramin ya cika, domin nan ne tarihin Bima na ainihi yake.

Farkon al'amarin da ƙarfi ya zo. Ƙasa na zaftarewa, gefen ramin na tashi ya zama gangare mai tsayi, ruwan sama na kwaso duk abin da ya farfashe yana jibgewa a gindi. Shi ya sa ƙasan Bima ba kyan gani: manyan duwatsu masu kaifin baki, wasu sun fi kan mutum girma, cakuɗe da tsakuwa da jar laka, ba tsari. Kaifin bakinsu ya nuna ba su yi doguwar tafiya ba, da sun yi da ruwa ya goge su sun yi sumul. A wasu wurare, kamar Burashika da ke kudancin Borno, narkakken dutse ya ɓullo ta tsagogin ya malala cikin wannan tarkace, kuma irinsa ne ke ba masana damar auna shekaru. Can tsakiyar ramukan kuwa, inda ruwa ba shi da mafita, tafkuna suka kwanta. A ƙasansu laka mai laushi ta riƙa sauka a hankali, tare da gansakuka da ƙananan halittun ruwa da suka mutu, cikin ruwan da iska ba ta kaiwa gindinsa, don haka ba su ruɓe sun ɓace ba. Wannan laka ta zama baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Siririya ce idan aka gwada ta da yashin da ke kewaye da ita, amma a riƙe ta a zuciya, domin duk rigimar man fetur ta Arewa a kanta take rataye.

Daga baya girgizar ta lafa. Gangaren ya zaizaye, ramukan suka cika suka haɗe, sai manyan koguna suka mamaye faɗin kwarin, koguna marasa zurfi masu yawan rassa, waɗanda ke sauya hanya duk bayan ambaliya. Yashinsu ne ya zama saman Bima, wanda aka fi gani a tsaunukan yankin da kuma duwatsun da ke kewaye da Yola.

Wannan kashi ya cancanci a tsaya a gabansa. A sami inda hanya ta yanke tsauni ko inda ƙorama ta ɓare shi. Launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, wani wurin ja saboda tsatsar ƙarfe. In ka goga da yatsa ƙwayoyin yashi za su zubo, masu kaushi, galibinsu ƙanƙarar dutse, da wasu farare ko ja-ja masu dusashewa da ake kira felsfa. Felsfa ba ya jure doguwar tafiya da daɗewa a ruwa, narkewa yake ya zama yumɓu, don haka yawansa a nan ya nuna an kwaso yashin daga kusa, an kuma binne shi da wuri. Sannan ka ja baya ka dubi bangon. Za ka ga shimfiɗu a kwance, kowace kamar kamu biyu ko uku, amma cikin kowace shimfiɗa akwai siraran layuka a karkace, duk sun jingina gefe guda. Wanda ya taɓa haƙa yashin rafi da rani don neman ruwa ya ga irinsu a bangon raminsa: tudun yashin da ruwa ke turawa gaba, ƙwayoyi na hawa ta baya suna gangarowa ta gaba. Inda layukan suka karkata, nan ruwa ya nufa. Da haka mai bincike ke tsayawa da kamfas a hannu ya faɗi inda kogin da ya ƙafe shekara miliyan ɗari ya dosa. A wasu shimfiɗun kuma layukan sun lanƙwashe sun naɗe, wasu har sun kifa. Yashin yana jiƙe, bai kai ga daskarewa ba, wani abu ya jijjiga shi. Masana da dama sun karanta wannan a matsayin sawun girgizar ƙasa, shaidar cewa tsagogin da ke ƙarƙashi ba su gama motsi ba ko a lokacin.

Akwai kuma kututturan itatuwa da suka rikiɗe suka zama dutse, ana tsintar su cikin yashin. Ƙasusuwan dabbobi ba su cika tsira a irin waɗannan koguna masu ƙarfi ba, amma maƙwabta sun adana mana su. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, duwatsun da suka yi zamani da Bima sun ba da ƙasusuwan manyan dabbobin da, ciki har da wani kada mai suna Sarcosuchus da tsawonsa ya haura mita tara, wanda Philippe Taquet ya yi aiki a kansa tun shekarun 1960. An sami ɗan'uwan wannan kada a jihar Bahiya ta Barazil, cikin kwarin Rekonkabo, wanda shi ma tsaga ce da ta tsaya ba ta zama teku ba. Kadan ruwan daɗi ba ya ƙetare teku. Samun sa a gaɓa biyu yana nufin a lokacin babu tekun da za a ƙetare.

Wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, zamanin Bima ya zo ƙarshe, kuma teku ne ya kawo ƙarshensa. Ruwan tekunan duniya ya ɗaga ƙwarai, ya malalo cikin kwarin daga kudu, wani kuma ya gangaro daga arewa ta cikin Sahara, har suka haɗu. Yashin koguna ya koma yashin bakin gaɓa, shi ne shimfiɗar Yolde. A kanta laka da farar ƙasa ta teku suka kwanta, su ne shimfiɗun Pindiga da Gongila da Fika. Wato akwai lokacin da za a iya bin ruwan gishiri tun daga Tekun Gini, ta kan inda Gombe take, har zuwa tekun da ke arewacin Afirka. Wanda ke shakka ya je ramin haƙar dutse na Ashaka. Kamfanin siminti da ya fara aiki a wurin a 1979 yana ƙona farar ƙasar da wancan teku ya bari ne, kuma cikinta akwai ɗimbin amonait, wasu halittun teku masu naɗaɗɗen ƙoƙo da suka ƙare tuntuni, irin waɗanda ake samu a Nijar da Aljeriya da Tunisiya. Gidaje da yawa a Arewa maso Gabas da wannan dutse aka gina su.

Abin da ya biyo baya ana iya taƙaita shi. Wajen shekara miliyan 85 da suka wuce tafiyar nahiyar Afirka ta sauya, kwarin da aka ja ya buɗe sai aka matse shi, aka sake matse shi daga baya. Shimfiɗun suka tanƙware, wasu suka yi doro, wasu suka karye. Teku ya janye, ya bar yashin Gombe da fadamun da suka zama kwal ɗin Maiganga. Sai yashin Kerri-Kerri ya lulluɓe yammacin yankin. Can daga baya duwatsu masu aman wuta suka huda komai suka fito, suka bar tudun Biu da na Longuda da ƙololuwar Tangale.

Doron Lamurde, wanda ya ratsa iyakar Adamawa da Gombe, shi ne babbar kyautar da wannan matsi ya bar wa masu bincike. Ya ɗago cikin Bima waje, zaizayar ƙasa ta yanka shi, ta yadda mutum zai bi ƙorama a ƙafa ya ratsa shimfiɗun tun daga na sama har zuwa lakar tafkunan nan. A yankin ne kuma Ruwan Zafi yake ɓulɓulowa da ɗumin da ya haura digiri 50, ruwan sama ne da ya nutse ta cikin yashin ya kai zurfi ya ɗumama, ya sami tsaga ya dawo. Wannan ya kai mu ga amfanin Bima da ba a cika ambata ba. Dutsen yashi yana da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana riƙe ruwa. Rijiyoyin burtsatse na Yola da Jimeta da garuruwa da yawa na kewaye daga cikinsa suke sha. Sai dai ba ko'ina yake da kyauta ba. Inda yumɓu ya toshe kafofin ko dutsen ya daskare ƙwarai, sai an dace da tsaga kafin a sami ruwan kirki, shi ya sa rijiyar wani ke ambaliya ta maƙwabcinsa na tsiyaya. Yana damuna cewa shimfiɗar da mutane ke sha daga gare ta kullum ba a tuna sunanta sai an zo maganar mai.

Maganar man kuwa tana da tushe. Kwarin Binuwai ɗaya ne cikin dangin tsagogin da suka ratsa tsakiyar Afirka a zamani guda, kuma 'yan'uwansa sun ba da mai. Sudan ta fara fitar da na kwarin Mugulad zuwa kasuwar duniya a 1999. Chadi ta fara tura na Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003. Nijar ta buɗe matatar Damagaram a 2011 da man Agadem na kwarin Termit. A Sudan da kudancin Chadi, lakar tsofaffin tafkuna ce ta haifi man, irin wadda ke ƙasan Bima. Wanda ya ce to me zai hana a samu a Gongola, bai yi wauta ba.

Amma dangantaka ba ta nufin rabo ɗaya. Kafin mai ya taru sai abubuwa sun dace da juna: laka mai wadatar ragowar halittu, zurfin da zai dafa ta ba tare da ya ƙona ta ba, yashin da man zai shiga ya zauna, murfin laka a sama da zai hana shi tserewa, kuma tarkon ya riga man samuwa. Termit ta sake zaftarewa daga baya ta sami sabon lulluɓi mai kauri, kuma man Agadem yawanci cikin shimfiɗun da suka fi Bima ƙuruciya yake. Gongola kuwa matse ta aka yi aka ɗaga, zaizaya ta kwashe mata kaya mai yawa. Matsin ya ƙera doron da ke iya zama tarko, shi ne kuma ya farfasa wasu ya buɗe su. Inda Bima ke tsaye a fili tana shan rana, duk abin da ta taɓa riƙewa ya daɗe da tafiya. Fatan yana inda take binne.

A yankin Borno kamfanin mai na ƙasa ya haƙa rijiyoyi 23, bai samu ba sai alamun iskar gas a biyu. A Gongola kamfanonin waje uku suka gwada a 1999 da 2000, kowanne rijiya ɗaya. Ta Elf a Kuzari da ta Chevron a Nasara ba su kai mita 2,000 ba, suka fito a bushe. Ta Shell a Kolmani, a 1999, ta kai wajen mita 3,000, ta ci karo da iskar gas da aka ƙiyasta ta kai ƙafa biliyan 33, aka ce ba ta isa kasuwa ba, aka tattara aka tafi. Masana na jami'o'inmu sun yi ta nanata cewa rijiya uku ba ta isa a yanke wa kwari mai wannan girma hukunci ba, balle biyu daga ciki ba su ma kusanci zurfin da lakar tafkunan take ba. Na yarda da su a kan wannan, kuma lokaci ya nuna hujjarsu tana da ƙarfi.

Ranar 2 ga Fabrairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar rijiya ta biyu a Kolmani, kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. An zarce mita 4,000, kuma a watan Oktoba na shekarar kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya sanar da samun ɗanyen mai da gas a matakai daban-daban. A watan Nuwamban 2022 aka yi bikin fara aikin raya filin, aka ambaci ganga biliyan ɗaya da gas ƙafa biliyan 500, tare da alƙawarin matata da masana'antar taki da tashar lantarki. Jihohin biyu har sun fara ja-in-ja a kan wa ke da filin.

Ƙiyasin da aka faɗa a wurin biki dabam yake da abin da za a iya fitarwa a sayar. Rijiya tana ba da labarin inda ta huda ne kawai, kuma tarihin da muka bi ya nuna Bima ba shimfiɗa ɗaya mai kauri ɗaya ba ce. An zuba ta ne cikin ramuka dabam-dabam, wani ya sami tafki mai zurfi da ya daɗe, wani bai samu ba, kuma tsagogi sun yanyanka su daga baya. Kolmani tana yammacin kwarin, inda yashin Kerri-Kerri ya rufe komai, ba a ganin ko ɗaya daga cikin wannan da ido. Sai an bi da na'urar da ke aika girgiza cikin ƙasa tana sauraron amsawarta, an ƙara haƙa rijiyoyin tantancewa, an ciro dutsen daga zurfi an gwada shi da wanda ke fili a Lamurde, kafin a san iyakar kowane rami da yawan lakar da ke cikinsa. Wannan aiki ne na shekaru, mai cin kuɗi, kuma yana bukatar masana da ɗakunan gwaji a Bauchi da Gombe da Yola da Maiduguri waɗanda za a ba su samfuran dutsen da bayanan rijiyoyin su yi nazari da kansu.